Marayun Gonar Baba Zakari

A Paikon Kore, in ka tambayi gidan Zacharias, sai an tsaya tunani. Amma ka ce Baba Zakari, nan take za a nuna maka da baki: can bayan coci, gidan da kaji suka fi mutane yawa.

Ya ba shekara sittin baya. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya ɗauke shi. A gidan kawun ƙwarya ɗaya ake zuba wa yara tuwo, kuma duk wanda ya kai loma ta biyu kafin ƙaramin cikinsu ya kai ta farko, zai sha ludayi a bayan hannu. Da wannan tarbiyya ya tashi. Da ya zama saurayi ya je ya yi leburanci lokacin da ake ta gine-gine a Garki, ya ɗauki daron siminti shekara huɗu, sannan ya dawo gida ya ce shi dai bai taɓa ganin siminti ya yi tsiro ba. Ya auri Christina, mai kiwon kaji da lambun kuɓewa, suka haifi Israel, wanda yanzu yake gyaran firji a cikin gari.

A daminar 2022 ne Dakta Saleh, malamin aikin gona a wata jami'a ta Abuja, ya zo neman aron gona. Jami'arsu ta ƙulla shiri da wata jami'a a ƙasar Holan, kuma daga can ake ɗaukar nauyin binciken. Wani sabon taki za a gwada a kan masara. Akwai musayar ɗalibai a ciki: an turo wata Baturiya mai suna Vivian ta yi damina a nan, in kuma aiki ya yi kyau, ɗalibar Dakta, Sumayyah, za ta je can wata shida ta ƙarasa nazarinta.

Sumayyah 'yar ma'aikatan gwamnati ce, a Garki ta girma, ba ta da yawan magana. Ranar farko ta zo da takalmin roba da ya yi mata yawa, laka ta riƙe ɗaya ta fita da safa. Baba ya ciro mata, bai yi dariya ba sai da ya juya baya. Tun ranar yake ce mata 'yata.

An raba gonar yanki goma sha takwas, kowanne da turke da ƙyalle a ɗaure. Shida masu shuɗin ƙyalle aka ba sabon taki. Shida masu ruwan ɗorawa aka ba takin zamani na kasuwa. Saura shida masu jan ƙyalle.

"Baba, waɗannan kada a sa musu komai," in ji Sumayyah.

"Komai?"

"Komai, Baba."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Ita a ganinta, wa zai tsaya koya wa dattijo noma a gonarsa? Shi kuwa Baba ya dubi sunkuyawar nan ya yanke hukuncinsa: takin Turawa bai isa ba, yarinya tana jin nauyin faɗa. Bai ƙara tambaya ba, don kada ya kunyata ta.

Kafin tsakiyar Yuli bambanci ya fito. Masu shuɗi da masu ruwan ɗorawa sun yi kore shar, masu jan ƙyalle kuwa sun tsaya sirara, ganye ya yi fari-fari. Baba ya sa musu suna marayu. Kullum da safe sai ya bi ta gabansu, kullum sai ya ji kamar ludayin kawunsa a bayan hannu.

Wata Litinin ya kasa daurewa. Ya shiga ɗakin ajiyar Christina, inda take tara kashin kaji a buhu don kuɓewarta, ya ɗiba ya gauraya da toka. Ba da ka ya zuba ba, domin Baba mutum ne mai awo. Tsohon kwanon shan Christina ya ɗauka, kwano ɗaya a shafe ga kowane layi. Yankuna uku na kusa da gida ya samu yi, ya ce sauran ukun sai wani jiƙon. Bayan mako biyu ya ƙara wa ukun nan, yana shirin wucewa ga na nesa, sai ya tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiya.

"Baban Israel," in ji Christina, tana ɗaure makullin a bakin zaninta, "kashin kaji ya fara yin ƙafa a gidan nan."

"Ɓera ne."

"Ɓera mai wanke kwano ya kife? Ka gaishe shi."

Ruwan sama ya narkar da takin, ƙasa ta shanye. A ƙarshen Agusta Sumayyah da Vivian suka zo babban awo, wanda za a aika sakamakonsa Holan. Baba ya tsaya gefe yana murmushi, yana jiran a yi murna. Marayu uku sun wuce tsayinsa, goyon masara kamar damtsen hannu, har suna gogayya da masu shuɗin ƙyalle.

Sumayyah ta auna. Ta sake aunawa. Ta duba littafinta, ta duba turken, ta auna karo na uku. Sai ta je gindin mangwaro ta zauna, littafin a cinyarta.

"'Yata, lafiya? Masara ya yi kyau, ko ba ki gani ba?"

"Na gani, Baba." Muryarta can ƙasa. "Wadda ba a ba komai ba ta kamo wadda aka ba taki. Uku sun yi tsawo, uku sun tsaya. Ba wanda zai yarda da wannan lissafi. Za su ce na rikita alamomin ne, ban iya aiki ba."

"To, tafiyarki fa?"

Ta ɗaga kafaɗa kawai.

"Amma me ya sa ake barin su da yunwa tun farko?"

Ta dube shi, sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa gaya masa ba. "Da gangan ne, Baba. Su ne ma'auni. In babu gajere, yaya za a san dogo dogo ne?"

Baba ya juya ya kalli marayunsa. Zai iya yin shiru. Ruwa ya wanke shaida, masara kuma ba ta magana. Amma ya dubi yarinyar da ta yi wata uku tana ƙirga ganye cikin rana, ya tuna ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya cire hularsa ya durƙusa kusa da ita.

"Ni ne ɓeran," ya ce. Ya faɗa mata komai.

Vivian, wadda Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, ta tsugunna tana tonon gindin masara. Ta ɗago da ɗan gashin kaza a hannu, ta dube shi, ta dubi Baba, dariya ta ƙwace mata ta toshe baki.

Sumayyah ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta buɗe sabon shafi a littafinta.

"Nawa ka zuba?"

"Kwano ɗaya kowane layi. A shafe."

"Kowane layi daidai?"

"Haba 'yata. Ni zan ba wani maraya fiye da wani?"

"Yaushe?"

Ranakun ne suka ɗan rikice masa, aka kira Christina. Ta zo da kwanon a hannu kamar mai kai shaida kotu. Ta san ranakun sarai: Litinin washegarin taron mata a coci, da Litinin ɗin da ta biyo bayan mako biyu. Ta san yawan tokar ma, tunda daga murhunta aka kwasa.

"Sauran ukun fa, Mama? Ba a taɓa su ba?"

Christina ta girgiza makullin da ke bakin zaninta. "Ta ina?"

Washegari Dakta Saleh ya zo da kansa. Ya zaga gonar hannu a baya, ya tsaya gaban marayun da suka ƙoshi, ya koma gaban waɗanda ke da yunwa.

"Baba, garin neman gira ka kusa rasa mana ido."

"Oga Dakta, na yi laifi. Ni a hukunta, a bar yarinya ya tafi."

"Da wa zan fara? Da kai da ka ciyar, ko da ita da ba ta yi bayani ba, ko da ni da ban tambayi ko ta yi ba?" Ya juya ga Christina. "Madam, kwaɗon nan naki shi ne ma'aikacin da ya fi kowa ƙoƙari a shirin nan."

Ya ce ukun da suka rage za su iya tsayawa a matsayin ma'auni, amma maganar ba a hannunsa take ba, sai abin da abokan aikinsu na Holan suka ce. Sumayyah da kanta ta rubuta wasiƙar. Ba ta ɓoye komai ba, har da nata kuskuren. Ta sa ranakun, ta sa awon, ta ɗauki hoton kwanon ta haɗa.

Kwana goma sha ɗaya ba amsa. Baba ya rage cin tuwo. Ranar Lahadi ya tashi a coci ya roƙi a yi wa wata 'yarsa addu'ar tafiya, mutane suna ta kallon Christina don sun san ɗa ɗaya gare su.

A rana ta goma sha biyu sai ga Sumayyah, tana sauri har takalmin yana neman sake barinta. Mutanen Holan sun yarda da ukun. Sun kuma ce abin da manomin ya yi ya ba su sha'awa, domin takin gida da aka zuba bisa awo abin gwadawa ne, badi a ƙara masa yanki shida nasa na kansa. Ta miƙa wa Baba wani koren ƙyalle.

"Naka ne, Baba."

Christina ta karɓe. "Nawa dai. Kajin wa?"

A watan Janairu Sumayyah ta tashi, da ƙasar gonar a 'yan kwalabe da takardun izini da suka fi ƙasar nauyi. Bayan wata biyu ta aiko hoto ta wayar Israel: ga ta tsaye gaban babban allo cikin rigar sanyi, Vivian a gefenta, a jikin allon kuma ga hoton kwanon shan Christina, da ɓantararren bakinsa da komai, Turawa sun zuba masa ido. Christina ta ce da ta san haka zai yi nisa da ta ba da sabo.

Yanzu damina ta uku ke nan ana bincike a gonar. Duk ɗalibin da ya zo, kafin ya kafa turke ɗaya, Baba zai zaunar da shi gindin mangwaro ya ce a yi masa bayanin kowane ƙyalle, ya kuma yi ta tambaya har sai ya gamsu. Marayu suna nan, shida cif, kuma ba mai taɓa su. Da an shiga Yuli shi da kansa yake cewa Christina ta kulle ɗakin ajiya. Ya kuma fitar da wata sabuwar hanya ta bayan gona, mai nisa, da ke bi ta cikin ciyawa ta kauce wa marayun. In an tambaye shi dalili, sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa ƙafa.