Baƙi Huɗu a Garin da Ba Sarki

Har yau ban manta da ranar da Madam Lin ta shigo ofishinmu na Guangzhou ba, lemarta na ɗigar ruwa. Ana tsakiyar wasannin Olamfik na 2008. Ni ƙaramin jami'in jakadanci ne da aka turo sabunta wa 'yan kasuwarmu fasfo, kuma ni kaɗai ke jin Sinanci.

Masana'antar jaka gare ta a Shiling, kusa da Guangzhou. Mijinta da ma'aikata uku suna wata masarauta can gida suna sayen fata, sai sarkin ya rasu. Gidajen sarauta biyu kowa ya ce gadon nasa ne. Aka rufe kasuwa, matasa suka tare hanyoyi. Kwana biyar wayar mijinta a kashe.

Hukumomin Sin sun riga sun aiko da wasiƙa, irin wadda ladabinta ke tsorata mutum. Maigidana ya ce, "Malam Sabo, in wani abu ya sami mutanen nan, 'yan kasuwarmu za su fara gani a wajen biza. Mun rubuta gida, amma ka san takarda ba ta sauri."

Na tsaya jikin taga. Hazo ya lulluɓe kogi, jirage na wucewa kamar ba sa taɓa ruwan. A cikin farin nan sai nake hango garin: fada a rufe, unguwar majema tsit, mutum huɗu a bayan ƙyaure suna jin ihun da ba su gane ba.

Can na tuna da Alhaji Ɗanlami da Alhaji Mamuda. 'Yan garin ne, dukansu na lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, kowa da ɗan sarkin da yake bi. Sun ma daina gaisawa. Na haɗa su a shagon shayi, ban yi dogon bayani ba. Madam Lin ta ajiye hoton mijinta a kan tebur.

Alhazan suka ƙura wa hoton ido. Daga ƙarshe Alhaji Mamuda ya ce, "Alhaji, mu ma fa baƙi ne a nan."

Kowannensu ya zaro wayarsa, ya kira mutanensa a gida.

Washegari aka gano baƙin a ɗakin ajiyar fata, aka kai su gidan limamin gari, matasan ɓangarorin biyu na gadin ƙofa ɗaya ba mai kallon wani. Da mijin ya kira, kuka ya hana Madam Lin magana, ni na amsa mata.

Ku da kuka shigo aikin jakadanci yanzu, ku riƙa fita kuna zama da mutanenku, ku san wa ke jin maganar wa. Alhazan nan ba su shirya ba, har na bar Guangzhou ba sa shiga mota ɗaya. Amma ranar sun yi abin da babu jakadan da zai iya.