Ƙoƙi-ƙoƙin Inna Batulu

Da sunan Allah. Inna Batulu mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Daura. Da mijinta ya rasu, ɗanta na fari, Isiyaku mahauci, ya ɗauko ta ya kawo ta Agege, ya ajiye ta a ɗaki ɗaya a saman bene. Shi da an yi asuba ya tafi mayanka. Maƙwabta Yarbawa ne, ita ko ruwa ba ta iya roƙo da yarensu. Sai ta wuni bakinta bai motsa ba in ba da salati ba.

Wata rana tana tsinke zogale, sai ga ƙoƙi-ƙoƙi koriya shar a cikin ɗaurin, ta haɗa hannuwa kamar mai addu'a.

"Ke ma a mota aka kawo ki?" in ji Inna. "To, sannu da hanya."

Ta ɗora ta kan ɗaɗɗoyar da ta shuka a gwangwani bakin taga. Da farko tuwo ta gutsura mata, ko kallo bai ishe ta ba. Ashe baiwar Allah sai abu mai motsi take ci. Sai Inna ta riƙa ajiye ɓawon mangwaro, ƙuda ya sauka, ita kuwa ta yi tsit, can sai caraf! In ta gama ta share fuska da hannu kamar mage. In Inna na magana takan juyo da kai ta dube ta. Allah Sarki, har labarin marigayi sai da ta sha.

Da cikin ƙoƙi-ƙoƙin ya yi nauyi, ta manna wani abu kamar kumfa a jikin ragar taga, ya bushe ya yi tauri. Bayan nan ta daina ci. Inna ta tsince ta a ƙasa ta mutu, ta tona gindin ɗaɗɗoyar ta rufe ta.

Damina ta sauka, sauro ya yi yawa. Isiyaku ya shigo da kwalbar fiya-fiya.

"Inna, ɗan fita in yayyafa. Wannan ƙazantar ta taga ma zan kankare."

"Kai wannan," don ba ta faɗin sunansa, "ajiye kwalbar nan. Marayu ne a ciki."

"Marayu kuma? Ƙwaro fa, Inna! Dubi hannunki duk cizo."

"Kai da wa nake wuni? Da kai?"

Ya sauka da kwalbarsa, ya dawo da gidan sauro.

Haka ta yi ta jira, mako na bin mako. Har zazzaɓi ta yi, ba ta yarda an yayyafa ba. Har ta fara cewa ko wofi take gadi.

Wata safiya bayan ta idar da walaha, ta ga taga na motsi. 'Ya'ya ne birjik, ƙanana kamar tururuwa, kowa da hannuwansa a haɗe. Ta yi hamdala har da hawaye. Amma kafin la'asar ta ga sun fara cin junansu. Ta gane ɗaki ɗaya ba zai riƙe su ba. Da hannunta ta ɗage ragar.

Suka watse, wasu kan kwanon rufi, wasu iska ta kwashe. Da magariba ta duba ɗaɗɗoya ganye-ganye, ta sami guda ɗaya a maƙale.

"Ke ba ki bi su ba?" Ta jawo kujera ta zauna. "To, bari in ba ki labarin uwarki."