Inna Ta Nemi Buta

Larabcin Inna ya tafi ne tare da hannunta na dama, ranar da ɓarin jikinta ya shanye. Matar da ta tsufa tana sayar da yaji da kuka a bakin titin Hindawiyya a nan Jidda, tana zazzaga wa ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, masifa da yarensu har su yi dariya su ƙyale ta, ita ce ta tashi daga gadon asibiti ko "shukran" babu a bakinta. Hausar Kano da ta zo da ita aikin hajji tana amarya, ita kaɗai ta rage.

Ni girki nake yi a wani gida a Abhur, in na fita da safe sai magariba. Shi ya sa yayana ya ɗauke ta zuwa gidansa a Sa'alaba. Matarsa 'yar Jizan ce, mutuniyar kirki, ba zan yi mata ƙazafi ba. Sai dai Hausarta daga "sannu" ta ƙare.

Wata Juma'a na je na tarar da Inna a kicin, kan kekenta na marasa lafiya, an ajiye ta gaban murhu. Zanenta sharkaf. Matar yayana ta tare ni da Larabci, ido duk hawaye: "Tun ɗazu take cewa buta, buta. Na ɗauka butagaz take nufi, tana son kallon girki." Butagaz shi ne murhun gas a nan. Ita kuwa baiwar Allah buta take nema ta kewaya.

Na wanke ta, na canza mata zane. Ba ta dube ni ba. Daga ranar ta kulle bakinta. A ba ta ta ci, a hana ta ta yi shiru. Ko ni na yi mata magana sai ta juya fuska bango.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani rubaɗi a Madina, wato gidan wakafi da ake kula da tsofaffin mata. Yawancinsu namu ne, mai kula da su ma Bahaushiya ce 'yar Maraɗi. Na je na gani da idona, na dawo na sami Yaya.

"Rubaɗi?" Ya miƙe tsaye. "Uwar tamu? Kamar wadda ba ta haifa ba? So kike a nuna ni da baki a masallaci?"

"Yaya, abin kunyar ai a kicin ɗinka na same shi."

"Tun da kika shiga makarantar manyan nan kike ganin kin fi kowa."

"Ba boko ne ya koya min buta ba."

"To ki bar aikin ki zauna da ita mana."

"In bari, kai za ka zama kafilina, ka tsaya min a wajen hukuma? Ka sabunta min iƙamar zaman ƙasa?"

Ya ce halas, wato shi ke nan, in na kai ta babu ruwansa da ni. Na ce na ji.

Matan unguwa ma ba su bar ni ba. Wata Hajiya ta tare ni a bakin shagon burodi, wai ita ko a mafarki ba za ta kai uwarta gidan gajiyayyu ba. Na ce, "Hajiya, tun da Inna ta kwanta sau nawa kika leƙo ki ce mata ina kwana? Ita ke nan maganar da take nema."

Yaya direba ne, amma ya hana motarsa. A jirgin ƙasa na kai ta. Duk hanya ina ta saƙe-saƙe: in can ma ta ƙi magana fa? Na raba ta da garin da ta sani a banza ke nan.

Muna shiga tsakar gidan, wata tsohuwa mai carbi ta ƙare mana kallo.

"'Yata, wannan mutuniyar ina ce?"

"Kano, Baba."

Ta tafa hannu. "Alhamdulillahi! Ni Bazazzagiya ce. Na daɗe ina roƙon Allah ya kawo min baiwa, ga shi har da kekenta."

Jinina ya hau. Ni haihuwar Jidda ce, wasan Kanawa da Zage-zagi a labari kawai na san shi. Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na ji murya daga ƙasa, a karkace amma sarai:

"Baiwar uban wa?"

Inna ce. Ta ɗago kai, tana nuna tsohuwar da hannun hagu.

"Ke 'yar Zariya, uwargijiyarki ta iso kina zaune? Tashi ki kawo min buta."

Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe, tana dariya tana mitar jin kan Kanawa. Ta tafi ta dawo da buta, cike da ruwa.