Kujerar da Aka Aro Wajen Tela

A shekarun da kuɗin fetur ya shigo, wani kamfanin hanya ya zo ɗibar tsakuwa kusa da Mabai. Motocinsa suka riƙa ratsa gonata suna tattake dawa. Na kai ƙara, ko da yake matata ta ce, "Malam, wa ya taɓa shari'a da Bature ya ci?"

Ranar zama na tuɓe takalma tun daga ƙofa, na durƙusa a ƙasa kamar kowa. Baturen kamfanin ya shigo da takalmansa. Masinja ya ruga ya kawo masa kujera, har yana goge ta da hannun riga. Nan na fidda rai da gonar.

Alƙalin tsoho ne mai sanyin murya. Ya dubi masinja ya ce, "Kai, mutum nawa ke shari'ar nan?"

"Biyu, Allah gafarta Malam."

"To ina ta ɗayan? Ko tawa zan ba shi?"

Babu wata kujera a kotun, sai da aka aro wajen tela. Na hau ta, kafaɗata daidai da ta Baturen. Ban taɓa sanin ana kallon alƙali ido da ido ba. Da aka ce in yi magana, sai murya ta fito, na faɗi komai ban rage ba.

Aka umurci motocin su zagaya ta bayan gona. Dawar da ta tsira ita ta kai mu damina.