Harsasan Lyle Kepner Ba Sa Zuwa Aro

Duk wanda ya girma a kwarin nan namu na Pennsylvania ya san Lyle Kepner, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta. Mutum ne mai sakin hannu. Tsaninsa ya fi kwana a gidajen maƙwabta, motarsa kuwa makullin na jiki, kowa ya ɗauka. Abu ɗaya ne ba ya bayarwa: harsashi.

Shi yake haɗa abinsa a ɗakin ƙasa, kusa da injin wankin matarsa Arlene. In ya yi harbi, sai ya tsince kwanson tagullar, ya goge, ya sake cika shi da albarushi. Wasu sukan matse kwanson gaba ɗaya ya koma kamar sabo. Lyle wuyan kawai yake matsewa, ya bar jikin yadda wuta ta buɗa shi a cikin bindigarsa. A cewarsa, kwanson da ya zauna daram ba ya kai harsashi yawo. Kuma da gaskiyarsa: daga taku ɗari biyu, harbi biyar, murfin kwalba ya rufe hudojin.

Ranar da aka buɗe farautar barewa, Duane, ƙanin Arlene kuma abokin dajinsa tun suna samari, ya lalube jaka a bukkarsu ta farauta ya ga ya baro harsasansa a gida.

"Tsoho, ba ni biyar. Ai bindigoginmu iri ɗaya ne."

"Sunansu ne ɗaya, cikinsu daban. Ba za su shiga taka ba."

"Kai dai ka ce rowa! Yayata guda na ba ka, ka hana ni tagulla biyar?"

"Babanku ne ya ba ni. Kai kaza kawai ka ci a wajen bikin."

Duane bai yi dariya ba. Ya ce in haka ne, bana ce shekararsa ta ƙarshe a wannan bukka. Lyle ya dubi fuskarsa ya ga ba wasa a ciki. Ya ƙirgo biyar ya zuba masa a tafi.

"Gwada su tun a nan."

"Kar ka koya mini bindiga," in ji Duane, ya saka su a aljihu ya shige daji.

Har rana ta yi tsaka Lyle bai ji ƙara daga gefensa ba. Can sai ga Duane, wuyan riga a tsaye, ya zauna bakin murhu ya tsiyayi kofi.

"Ƙaton namijin barewa ne, ƙahonsa kamar reshen bishiya," ya ce wa kofin. "Na sa harsashin na tura sakatar bindiga, ta ƙi rufuwa. Na danna, na roƙe ta, na zage ta. Ya tsaya yana kallona har ya gaji ya tafi."

Lyle ya cije leɓe sosai, ya miƙa masa burodi da nama.

"Yi dariyarka, kar ta shaƙe ka."

Ya yi kuwa, har da tari.

Duane ya jera harsasan biyar a kan tebur. "To, Sarkin Rowa, yaushe zan kawo tawa ka auna mata nata?"

"Asabar. Amma kai za ka goge kwanso."