Ba Ƙarfe Ne Ya Kashe Saja Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, jikata ta shigo da waya a hannu, ta ce mini kin rasu, Saja. Mota ce ta buge ki a bakin titi, kina dawowa daga kantin magani. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma.

Mu muka laƙa miki Saja saboda tsawarki. Da kika ajiye aikin nas, maimakon ki huta, sai kika share garejin mijinki kika tara mu, tsofaffi masu tumbi da hawan jini da suga, waɗanda likita ya ce kitse ya yi mana yawa a jini, abin da yake kira kolestarol.

Ranar farko kika miƙo mini galan biyu cike da yashi. Na ce, "Ni da na goya 'ya'ya da jikoki za ki koya wa ɗaukar kaya?" Kika ce, "Yaya, goyo ya ƙare, tumbi ne bai sauka ba. Ɗaga!" Na ɗaga ina zaginki a zuci. Mu zauna a kujera mu miƙe, mu ja roba, mu tura bango kamar ya yi mana laifi. Ba mai taɓa komai sai kin auna jininta, kin tambaye ta ko ta sha magani, don kin ce motsa jiki taimako yake, ba ya maye gurbin ƙwaya. Bayan wasu watanni aka sake gwada ni: mugun kitsen ya ragu, mai kyan ya ɗan ɗaga. Na koma tsugunawa in tashi ba mai kama mini hannu.

To ga abin da ke ƙona mini rai. Hawaye bai bushe ba na ji ana cewa wai ɗaga ƙarfe ne ya cinye ƙarfinki, shi ya sa kika kasa kauce wa mota. Masu faɗin haka kuwa ko bene ba sa hawa sai da haki! Direban da ya buge ki yana latsa waya kuwa, ba wanda ya ambace shi. Babban ɗana ya kwaso zancen, ya ce, "Mama, daga yau ba ke ba garejin nan." Na ce, "Kai, lokacin da nake jibge a kujera kuna ɗura mini lemon kwalba, wa ya tashe ni? Kai ne?" Sai ya hau shafa nasa tumbin. Amma wasu 'ya'yan sun riga sun tsare iyayensu a gida, kuma idan muka zauna kitsen zai dawo, kin sha faɗa mana.

Mijinki ya ba ni makullin garejin. Litinin zan buɗe, in bi gida-gida in kwaso su. Mai hana uwarsa ya fito mu yi ta a bakin ƙofa.

Allah Ya jiƙan ki, Saja, Ya yalwata kabarinki, Ya sa duk tsawar da kika yi mana ta zama lada. Mijinki da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.