Gurasar Kawuna Ba Ta Da Tsami

Lokacin yaƙin Turawa na biyu aka zo Rara, garin mijina kusa da Rabah, ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Ba a tambayi kowa ko yana so ba. Dogarai suka sami mijina yana gyaran rumbu, suka ce ya sauko. Na bi su har bakin gari ina riƙe da tulun ruwan da na manta ban ajiye ba, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce in koma kafin ya fasa shi a kaina. Ina da ciki a lokacin. Sai na tattara kayana na koma gidanmu a Goronyo.

Can bayan gari, wajen gulbi, akwai bukkar kawuna, ƙanen innata. Kuturta ta kama shi yana saurayi, aka kai shi asibitin mishan, ya daɗe can. Ya dawo cutar ta tsaya, amma ta tafi da yawancin yatsunsa, kuma ya dawo Kirista. Mutane suka guje shi, wasu don cutar, wasu don addinin. Innata tana aika masa tuwo, amma ba ta taka ƙofarsa. Ni kuwa da zaman gida ya ishe ni, kowa sai ya ce mini in yi haƙuri, wurinsa nake gudu, don shi kaɗai ne bai taɓa ce mini haka ba.

Wata rana cikin bazara, gulbi ya ja baya sai yashi, ya ce in zo da la'asar in kwaɓa masa gari, tunda hannunsa ba ya iyawa. Na tarar ya sa mahaucin unguwarmu ya yanka masa ɗan akuyan da ya daɗe yana kiwo, yana gasa shi a kan garwashi. Ga ganyen shuwaka ɗanye a faifai. Na ɗauko ruwan tsami zan zuba a garin dawa, ya hana ni.

"Ruwa kaɗai, ɗiyata. Kuma kada ki bari shi kwana."

"Kawu, wanga wane irin abinci na?"

Ya ce abincin masu gudu ne. Bani Isra'ila suka ci shi a tsaye ranar da Allah ya fidda su daga hannun Fir'auna, ba su sami lokacin jiran ƙullu ya tashi ba. Yahudawa suna yin idinsa kowace shekara, ana ce masa Idin Ƙetarewa. Labarin Annabi Musa na san shi tun ina makarantar allo, sai dai ban taɓa jin an ci shi da baki ba. Na tambaye shi me ya haɗa shi da idin Yahudawa, shi da ba Bayahude ba.

"Almasihu da nike bi, wanga abinci yac ci da almajirainai kahin a kama shi," in ji shi. "Kuma bana ina son in tuna ma kaina akwai Allah da ka jin kukan waɗanda anka tilasta ma aiki."

Na gasa gurasar a kasko, ta fito da tauri kamar ƙirgi. Ya sa takalmansa, ya maƙale sandarsa a hammata, ya tsaya. Muna haka sai ga Baturen mishan a kan kekensa, wanda yakan zagayo daga Wurno ya duba shi ya bar masa magani. Ya jingine keken, ya dubi naman, ya dubi ganyen, ya dubi kawuna a tsaye, fuskarsa ta canza.

Da Hausarsa mai karyayyen harshe ya ce wannan na Yahudawa ne, an gama da shi, Kirista ba ya komawa baya. Idin Kiristoci Lahadi mai zuwa ne, ya jira. Kawu ya ce zai yi na Lahadi ma. Ya nuna ni, ya ce mijin wannan yana cikin rami a Jos, dominsa yake yi.

Baturen ya dube ni, karo na farko ke nan tun zuwansa. Ya ce abin da tausayi, amma kuzar nan da ita ake yaƙar wani azzalumi da ke karkashe Yahudawan kansu, don haka kowa ya ba da tasa gudummawa, kuma bin hukuma wajibi ne.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa, "Gudummawa? Wa at tambayi mijina? Kai mi kab bayar? Ga ka nan da kekenka da hularka!" Ban taɓa yi wa namiji baƙo magana ido da ido ba sai ranar.

Kawu bai ɗaga murya ba, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. "Allah shi fidda Yahudawa daga hannun nasu Fir'auna, da zuciya ɗaya nike roƙo. Amma ku kunka koya min karatu. Na karanta da idona yadda anka sa bayi yin tubali, masu bulala na tsaye kansu. Da nik karanta ban ga Masar ba, hanyar Rabah nig gani da mutanenmu jere. In an gama da idin, mi ya sa ba a gama da aikin ba?"

Baturen ya ce zai yi masa addu'a, ya hau kekensa. Kullin maganin da ya zo da shi yana ɗaure a bayan keken, haka ya koma da shi. Har yau in na tuna wannan kullin raina ɓaci yake.

Muka ci a tsaye. Shuwakar ta sa ni hawaye, na bar su suka yi ta zuba, na ƙara wani ganyen.

Mijina ya dawo bayan na haihu. Da ƙafa ya ƙaraso daga Rabah, ya rame, yana wani tari da sanyin can ya sa masa. Damina guda bai iya ɗaga fartanya ba. Wasu daga cikin waɗanda aka ɗiba tare da shi ba su dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya gaya wa matansu inda aka binne su.

Zagayen Baturen ya daina biyowa ta bukkar kawu. Wani tsohon gyambo a ƙafar kawu ya buɗe, ya yi ta ci har ya kwantar da shi. Da ya rasu, mutanen gari suka ce ba nasu ba ne. Mijina da mahaucin nan suka haƙa masa kabari a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa, ni na riƙe musu ruwa.

Bayan an kwana biyu Baturen ya zo har ƙofar gidanmu, ya cire hula, ya ce a nuna masa kabarin ɗan'uwansa a addini. Innata ta ce in raka shi. Na ce ban san wurin ba, na koma ciki na ci gaba da dakana.